Limit ko restrict, wanne zan saka?

Ɗaliban jami'ar ABU Zariya na Samaru da Kongo sun ishe ni da tambayar nan wallahi. Duka biyun taƙaitawa ne, amma limit ya fi tafiya da adadi, kuɗi, lokaci, gudun mota, duk inda ka ga lamba kamar kar a wuce kilomita 50 a awa to shi ne. Restrict kuwa akwai ƙamshin doka a jikinsa, mai iko ne ke cewa wane zai shiga wane ba zai shiga ba, kamar a taƙaita wa 'yan acaba yawon dare.

Wajen sauƙi limit ya fi, don suna ne kuma aikatau ne, shi kuwa restrict in suna kake so sai ka koma restriction, nan ne mutane ke kwafsawa su rubuta "a restrict", malami ya ja jan biro. In aikatau ne, dukansu "to" na Turanci ke bin su, wato limit to da restrict to.

Mai furojet da ke cewa bincikensa iya Zariya ya tsaya, ko mai maganar data, limit ya wadatar. Masu karatun lauya da masu rubuta sanarwar ofis za su fi buƙatar restrict.