Zaman shago ko bin gida: wanne ya fi wa mai kwalliya a watan Disamba?

Da an kai tsakiyar Disamba a Katsina, makarantu sun yi hutu, 'yan uwa na Abuja da Kaduna sun dawo gida, sai biki ya kankama: kamu yau, sa lalle gobe, dina ranar Asabar. Mai kwalliya ba ta iya raba kanta biyu.

Zaman shago, a ce wajen Ƙofar Ƙaura, ribarsa a yawa take. Ƙawayen amarya su zo su shida, ki jera su, fitilarki da madubinki na nan. Ƙura ba ta damunki, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a hunturu, lokacin da fata ke bushewa, leɓe ya tsage, hoda ta ƙi zama sai an fara shafa mai. Sai dai haya, da man janareta in an ɗauke wuta.

Bin gida kuɗinsa ya fi kauri a kan mutum ɗaya, amma yana cin yini. In a Daura ne, kusan kilomita 80 kenan, ga jiran amarya ta fito wanka. Amfaninsa a ɗakin yake: gwaggo ta gani, uwar wata amaryar ta karɓi lambarki. Tallan da ko Instagram ba ya yi miki.

Ni dai amarya da uwarta kawai zan bi gida, shi ma sai an ba da kafin alƙalami. Ƙawaye su same ni a shago.