Wasiƙa Daga Birmingham Kan Gyaran Tsofaffin Agoguna

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, ina sanar da kai cewa agogon marigayi Baba, Seiko 5 ɗin da ya sayo a Jidda lokacin aikin Hajji, ya tashi yana aiki, kuma da hannuna na gyara shi.

Da farko na kai shi wani shago a unguwar maƙeran zinariya da ke nan Birmingham. Mai shagon ya karɓe ni da mutunci, amma kuɗin da ya yanka mini ya fi abin da zan biya in sayi irinsa na hannu, sannan ya ce sai na jira watanni kafin layi ya zo kaina. A Ingila kayan gyara suna da yawa, aikin hannu ne ke da tsada, domin masu sana'ar sun ragu ƙwarai tun bayan da kamfanin Seiko ya fito da agogo mai batir a 1969, mutane suka koma sayen na araha suna yarwa idan ya lalace. Wannan ya sa na shiga cikin wasu masu sha'awar gyaran tsofaffin agoguna, yawancinsu dattawa da suka yi ritaya, wasunsu kuma 'yan British Horological Institute ne, wato ƙungiyar masu sana'ar agogo ta Birtaniya, wadda aka kafa tun 1858.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda suke ɗaukar sha'anin mai. Ba sa ɗiga wa inji komai sai sun kwance shi gaba ɗaya, sun wanke kowane ƙarfe, sun busar, sannan su sa mai iri uku ko huɗu, kowane da gurbinsa, da bakin wani ɗan tsinke da bai kai kaurin allura ba. Man Moebius na ƙasar Suwizalan suka fi amfani da shi, kuma 'yar kwalbar da ba ta kai yatsa ba tana da tsada, sai dai takan yi shekaru. Akwai kuma na'urar da ke sauraron bugun agogo. Injin na Baba yana bugawa sau 21,600 a awa, kuma cikin minti guda na'urar ta nuna mini yawan daƙiƙun da yake rasawa a rana. Sun gargaɗe ni game da agogunan da aka ƙera kafin shekarun 1960, saboda fentin da ke haske a duhu a kan fuskarsu yakan ƙunshi sinadarin radiyom, wanda shaƙar ƙurarsa ke cutarwa. Ban taɓa jin an yi wannan gargaɗi a gida ba, abin kuma ya dame ni.

Duk da haka, ba zan yarda a raina masu gyaranmu ba. Malamin nan da ke zaune da akwatin gilashinsa a Kasuwar Sabon Gari yakan buɗe agogo, ya gano ciwonsa, ya ciro ƙarfe daga wani mataccen agogo ya dasa, kana tsaye kafin la'asar. A nan kuwa mutum yakan yi odar ƙarfen da lambarsa, ya zo ta gidan waya cikin kwana biyu, saboda haka kaɗan ne suka iya dabarar da rashi ya koya wa malamin namu. Abin da ya rasa shi ne mai na ainihi da wurin da ƙurar hunturu ba ta shiga, shi ya sa agogon da ya gyara yakan dawo masa bayan shekara.

Na sayi kwalba biyu na man, da madubin ido na masu gyara, da ƙananan sukurdirebobi, zan ba wanda zai zo gida bayan Sallah. Don Allah ka kai wa malamin nan na Sabon Gari da kanka, ka gaya masa maganar fentin nan, kuma ka tambaye shi ko yana da tsohon madaurin Seiko na ƙarfe, domin na Baba ya tsinke. A gaida Hajiya da yara.