Tram 83: littafin da ya cika mini kunne da hayaniya

Wanda ya ce in sayi Tram 83 ya rantse sai na yi dariya har cikina ya ƙulle. Wata kuma da muke musayar littattafai da ita cewa ta yi kada in ɓata kuɗina, ita tun a babukan farko ta jefar da shi. Na dai saya, fassarar Turancin da Roland Glasser ya yi a 2015, tunda Faransancina bai kai na karanta na asalin da ya fito a 2014 ba. Abin da ya ja ni, marubucin, Fiston Mwanza Mujila ɗan Lubumbashi ta ƙasar Kwango, da shi ya lashe kyautar adabin Afirka ta Etisalat ta 2015, littafin kuma ya shiga jerin farko na kyautar adabi ta Man Booker International a 2016.

Da farko haushi kawai na yi ta ji. Labarin kansa ba shi da yawa: Lucien, marubuci mai taurin kai, ya sauka a tashar jirgin ƙasa da ta lalace, ya raɓe wurin tsohon abokinsa Requiem, ɗan damfarar da ke ɗaukar hotunan attajiran baƙi tsirara yana tatsar su. Garin ya ɓalle daga ƙasarsa, wani janar ɗan tawaye ke riƙe da ramukan ma'adinai, ya buɗe ya rufe yadda ya ga dama. Kowa kuma da dare mashayar Tram 83 yake nufa: masu haƙa, ɗalibai masu yajin aiki, Turawan da suka zo kwasar arziki, mawaƙa, karuwai. Sai dai ba a barin mutum biyu su gama magana. Lucien na tattaunawa da Malingeau, wani mai buga littattafai ɗan Suwizalan, a kan rubutunsa, sai wata ta kutso tana tambayar ƙarfe nawa. Su ci gaba, wata ta sake tambaya. Kafin ka gane wa ya ce me, mai kawo abin sha ta zo neman ladanta. Tambayar lokacin nan, wadda ita ce sallamar 'yan matan ga mai saye, ta maimaitu har na fara jin tsanar ta. Ga jimloli masu cin rabin shafi, jerin sunaye ba numfashi.

Abin ya sauya ne ranar da na karanta wa wancan abokin wani yanki da ƙarfi, don in nuna masa shirmen da ya sa na saya. Ina tsakiyar karantawa sai na ji abin yana da kiɗa. Katsalandan ɗin nan ashe a kan ƙa'ida yake faɗowa, kamar amshi, kuma duk wanda ya taɓa zama inda ake kiɗa da ƙarfi ya san haka hira take, gutsure-gutsure. Mujila marubucin waƙoƙi ne kafin ya zama marubucin labari, kuma jaz da rumbar Kwango ya so ya zuba a takarda. Daga nan na daina neman zaren labari, na bi sautin. Wurin da Lucien ya tashi zai karanta adabi a gaban mashaya cike da mutanen da suka wuni cikin rami, suka yi masa ca, ya ba ni dariya ya kuma ba ni tausayi. A lokacin, da an tambaye ni, sai in ce a nemi littafin ko da bashi.

To amma 'yan matan nan ba su bar ni ba. Wasu yara ne ƙanana, shekarunsu ba su kai ba, littafin na kiran su da sunan 'yan tsaki, yana siffanta jikinsu shafi bayan shafi. Na yi ta jiran a ba ko ɗaya cikakkiyar murya, a ji daga ina ta fito, me take so ban da kuɗin daren. Shiru. Maza ke da tarihi da buri da gardama, mata sai tambayar agogo. Da Ikhide Ikheloa, wani mai sharhin adabi ɗan Najeriya, ya caccaki littafin a 2017 kan wulaƙanta mata, wasu marubutan Afirka sun mayar masa da cewa nuna ƙazanta ba yarda da ita ba ne, gatse ne. Na fahimci hujjarsu, garin da ake sayar da komai haka zai kalli mace. Amma gatsen da ya daɗe yana kallon ƙirjin yarinya, ni dai ya fara yi mini kama da jin daɗin kallon. A nan na gane abin da ya sa ƙawata ta ajiye shi, kuma ban ga laifinta ba.

Ƙarshen ma a gurguje ya zo, kamar marubucin ya gaji da hayaniyar kansa. Abokina har yanzu yana cewa ban iya karanta barkwanci ba. Ni uku cikin biyar na ba shi, kuma ba zan ara wa ƙanena ɗan sakandare ba.