Ƙwallon tanis, ƙwallon roba ko gungumen soso: wanne ke kwance ƙullin tsoka?

Wata 'yar'uwarmu ta kawo tambaya. Ta ce a kan keken ɗinki take wuni, kuma kusan wata biyu ke nan wani ƙululu ya zauna mata tsakanin allon kafaɗar dama da ƙashin baya, in ta danna shi sai zafin ya haura har wuya. Tana son sanin abin da ya fi dacewa ta nema: ƙwallon tausa mai tauri, ko gungumen soson nan da ake kwanciya a kai ana mirginawa, ko kuwa ƙwallon tanis ma ya wadatar.

Malama, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Duka ukun na yi aiki da su, kuma ga irin ciwon da kika kwatanta, da ƙwallon tanis zan ce ki fara, a tsaye, a jikin bango.

Abin da muke kira ƙulli ba ƙullewa tsokar ta yi kamar igiya ba. Wasu 'yan zaruruwa ne a cikinta suka ɗaure suka ƙi saki, sai yatsa ya ji su kamar tsirkiya, da wani ɗan wuri a tsakiya da bai wuce kan yatsa ba, wanda ya fi ko'ina zafi. Wata likita 'yar Amurka, Janet Travell, wadda ta kula da ciwon bayan Shugaba John Kennedy, tun a shekarun 1940 ta fara rubutu a kan waɗannan wurare. Babban abin da ta nuna shi ne sukan aika zafi nesa da inda suke. Ƙullin da ke saman kafaɗa yakan kai ciwo bayan kunne har gefen goshi, wanda ke gefen mazaunai yakan sauko da shi cinya. Saboda haka zafin da kike ji yana hawa wuya ba baƙon abu ba ne a wannan ciwo.

Tunda wurin ƙarami ne, gungumen soso ya riga ya sha kaye a nan. Kaurinsa yakan kai santimita 15, kuma nauyin jiki yana bazuwa ne a kan faɗinsa gaba ɗaya. Idan kika kwanta a kansa, ƙashin baya da allon kafaɗa ne za su ɗauki nauyin, shi kuwa ƙullin yana can cikin kwarin da ke tsakaninsu, soson ya haye ta kansa bai taɓa shi ba. Inda gungumen ya yi fice shi ne manyan tsokoki, kamar cinya da sharaɓa, musamman bayan gudu ko doguwar tafiya da jiki ya yi tsami ko'ina. Wannan wani aiki ne daban da naki.

Saura ƙwallaye biyu, kuma a nan ne mutane suka fi yin kuskure. A ido girmansu kusan ɗaya ne, santimita 6 da 'yan kai. A hannu kuwa ba su haɗa hanya ba. Ƙwallon tanis iska ce a cikinsa, nauyinsa bai kai giram 60 ba, ga gashi-gashi a bayansa, in kika jingina da shi sai ya ɗan lotsa ya bi siffar jikinki. Ƙwallon roba mai tauri, irin wanda ake wasan lakuros da shi a Amurka da Kanada, roba ce cunkus, nauyinsa ya kai giram 140, kuma ba ya lotsawa ko kaɗan. Duk ƙarfin da kika sa, a wuri ɗaya zai taru.

Da yawa suna ɗauka wanda ya fi zafi shi ya fi magani. Ni ma da wannan tunanin na fara. Na kwanta a ƙasa a kan mai taurin, na sakar masa nauyina duka, ina cije leɓe ina riƙe numfashi, washegari na tashi wurin ya yi tsami ya ninka na jiya, har rigar da ke gogarsa ina ji. Tsoka in ta ji zafin da ya wuce kima ƙara ɗaurewa take don ta kare kanta, ke kuwa saki kike nema. Ga kuma haƙarƙari a ƙarƙashin wurin nan da kike magana, tsokar da ke kansa ba ta da kauri sosai. Shi ya sa na fi son mai taushi a gadon baya. Mai taurin yana da ranarsa: mazaunai, inda nama ke da kauri har ƙwallon tanis ya lotse bai kai ga ciwon ba, da tafin ƙafa, inda za ki zauna a kujera ki taka shi ki riƙa murzawa daga diddige zuwa gindin yatsu. Akwai kuma mai ƙayoyin roba a jikinsa. Fata yake motsawa, yana da daɗi a tafin ƙafa, amma ba ya nutsawa ciki yadda mai santsi ke yi.

Ga yadda nake yi. Ki jefa ƙwallon cikin doguwar safa, ki riƙe bakin safar ta saman kafaɗa ya rataya a bayanki, don kada ya riƙa faɗuwa kina durƙusawa ɗauka. Ki juya wa bango baya, ƙafafu su ɗan matso gaba, ki jingina a hankali. Ki ɗan lanƙwasa gwiwa ki miƙe, ki karkata dama da hagu, har ƙwallon ya hau kan wurin. Ba sai an gaya miki ba, za ki gane shi, zafi ne mai haɗe da wani irin daɗi, kamar an sosa inda ke ƙaiƙayi. To ki tsaya nan, kada ki yi ta murzawa. Ki ja numfashi a hankali ki saki, daƙiƙa 30 zuwa 60. Sau da yawa za ki ji zafin yana ja baya alhali ba ki rage dannawa ba. Idan kika kai hannun dama kika dafa kafaɗar hagu, allon zai matsa gefe ya buɗe wa ƙwallon hanya. Ma'aunina guda ne: muddin kina iya numfashi lafiya lau kuma fuskarki ba ta yamutse ba, ƙarfin ya yi daidai. Da zarar kin fara riƙe numfashi, ki janye. Amfanin bango ke nan, ƙafafunki ne ke ƙayyade ƙarfin, saɓanin ƙasa inda nauyin jiki ke yanke hukunci. Minti biyu a wuri ɗaya ya isa, sau ɗaya ko biyu a rana, kuma in kin ɗora tsumma mai ɗumi na 'yan mintuna kafin ki fara, tsokar ta fi saurin ba da kai.

Ƙwallon tanis yana da aibinsa. Yana mutuwa, bayan 'yan makonni sai ki ga ya yi laushi ko ya tsage, sai an sake wani. In kuma kin yi kwana goma kina yi, kin ji ya daina isa wurin, to lokacin ne za ki koma kan mai taurin, shi ma a bango tukuna.

Akwai wuraren da ba na so ko wane ƙwallo ya hau. Kan ƙashin baya kansa, gaban wuya da gefensa inda manyan jijiyoyin jini suke, hammata, bayan gwiwa, da duk inda ya kumbura ko aka buge kwanan nan. Idan kin ji kamar lantarki ya ja ki, ko hannu ya yi dindiris, jijiya kika danne, ki matsa. Sharaɓar da ta kumbura ta yi zafi a ƙafa ɗaya kada a kuskura a tausa ta, domin yana iya zama gudan jini ne, asibiti za a nufa. Mai shan maganin tsinka jini, da mai raunin ƙashi, da mai juna biyu, da mai ciwon suga da ƙafarsa ba ta ji sosai, su tambayi likita kafin su fara.

Ke kuma Malama, wata biyu ba kwana biyu ba ne. Ƙwallo zai sassauta miki ƙullin da yamma, amma sunkuyon da kike yi a kan keke zai iya mayar da shi da safe. Ki duba tsayin kujerarki, ki matso da fitila kusa da allura don ki rage leƙe, kuma duk rabin sa'a ki miƙe ki juya kafaɗu baya. Idan kin yi mako biyu kina haka babu canji, ko ƙululun yana girma, ko ciwon yana tashinki daga barci, ko ya zo da zazzaɓi, nauyin ƙirji ko sanyin hannu, ki je likita ko masu gashin ƙashi su taɓa wurin da hannunsu.