Kafin ku ce a aiko muku da rauta daga Ingila

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu shagunan kwamfuta da masu haɗa netwok a ofisoshi da makarantu a Katsina. Saƙon da ya fi zuwa wa mazauna nan Ingila daga wajenku shi ne a samo muku rauta mai ƙarfi, wato na'urar da ke raba intanet ga kwamfutoci da wayoyi. To ga yadda lamarin yake a nan, don ku san abin da ya cancanci kuɗin jirgi.

A nan intanet ta layin kebul take zuwa gida. Kamfanin Openreach ne ke shimfiɗa yawancin layukan, BT da Sky da irinsu kuma su sayar wa jama'a a kansu. Mutum ya sa hannu a yarjejeniyar wata 18 ko 24, ana cirar kuɗi duk wata, babu zancen data ta ƙare, rauta kuma kamfanin ne ke bayarwa. Shi ya sa tsofaffin rautocin suka cika kasuwar kayan hannu da arha. Amma an ƙera su ne don layin tarho ko faiba, na Virgin Media kuwa sai a layinsu kaɗai suke aiki, kuma ba su da wurin sa sim. A Ƙofar Ƙaura iyakar amfanin irinsu a mayar da su abin watsa Wi-Fi.

In mai sim ake so, a duba lambobin band, wato zangon sigina da take iya kamawa, a jikin kwali. Kamfanoninmu na gida galibi suna kan 3 da 7 da 20 da 28, irin na Turai. Amurka kuwa 2 da 4 da 12 da 13 ne suka fi yawa, don haka rautar can tana iya zuwa ta ƙi kama 4G gaba ɗaya. A kuma tabbatar ba a kulle ta ga kamfani ɗaya ba. Ta fannin wuta kayan Ingila sun dace da mu: bolt 230 ne, fulogi mai ƙafa uku, irin namu sak. Na Amurka sai an ga 100 zuwa 240 a rubuce a jikin caja, in ba haka ba sawa ɗaya ya ƙone.

Sai dai ku yarda da ni, ba a rauta suka fi mu ba. TP-Link da MikroTik da Ubiquiti da ake sawa a nan, su ne a Titin Beirut na Kano da Computer Village na Ikeja. A kebul ne da gama aiki ratar take.

Kwalin kebul na Cat6 mita 305 ne. Na ƙwarai zallar jan ƙarfe ne a ciki. Wanda ya cika kasuwanninmu da arha alminiyam ne aka yi wa fatar jan ƙarfe, wani lokaci za ka ga an rubuta CCA, wani lokaci ba a rubuta komai ba. Kafin ka biya, feɗe sili ɗaya ka kankare shi da reza. In fari ya bayyana, ajiye musu kayansu. Alminiyam ba ya bari wuta ta wuce kamar jan ƙarfe, kuma lanƙwasa kaɗan yake karyewa a cikin roba inda ido ba ya gani. Illarsa ta fi fitowa in ana tura wuta ta cikin kebul zuwa kyamara ko na'urar Wi-Fi: a mita goma lafiya lau, a mita sittin sai na'ura ta riƙa mutuwa tana tashi, a ɗora wa kamfanin waya laifi. Ko da na ƙwarai ne, kada tsawo ya wuce mita 100 daga suwici, akwatin da kebul-kebul ke haɗuwa a cikinsa, zuwa kwamfuta. Ya wuce haka, a sa wani suwicin a tsakiya.

Jerin silin a kan da ake matsewa a bakin kebul (RJ45), na tsarin B da aka fi bi: fari mai ratsin lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Haka a duka ɓangarori biyu. Kada a warware murɗin silin fiye da milimita 13, don murɗin nan shi ke hana hayaniyar wuta shiga saƙo. Gudun megabit 100 sili huɗu kawai yake buƙata, na 1,000 kuwa sai duka takwas. Saboda haka in sili ɗaya daga ƙarin huɗun nan bai kama ba, fitila za ta kunnu, aiki zai tafi, amma da kashi ɗaya cikin goma na gudun da aka saya, kuma a shekara ba a gane ba. A nan ma'aikaci ba ya karɓar kuɗinsa sai ya gwada kowane layi da na'ura, ya manna wa kai biyun lamba iri ɗaya, ya bar takardar da ta nuna wane layi ya tafi wane ɗaki. Wannan ba ya buƙatar biza, gobe ma kuna iya farawa.

Saiti kuma wuri ɗaya ake yawan tuntuɓe. Rauta ɗaya tak ce za ta riƙa raba adireshi, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita, a gidan. In an ƙara ta biyu don Wi-Fi ya kai wani sashe, a shiga cikinta a kashe DHCP, wato saitin raba adireshi, a ba ta adireshin da ba kowa a kai, a kuma sa kebul a ramin LAN na kayan cikin gida, ba na WAN da intanet ke shigowa ta cikinsa ba. In an bar biyun suna rabawa, sai wannan kwamfuta ta samu 192.168.8 wancan ta samu 192.168.0, firinta tana gabanka amma ba ta ganuwa. Firinta da na'urar ajiyar hoton kyamara a ba su adireshi tsayayye, misali mai lambar ƙarshe daga 2 zuwa 20, rabon ya fara daga 100. A canza kalmar sirrin shiga rautar tun ranar farko, a kashe WPS mai haɗa Wi-Fi ba da kalmar sirri ba, a sa makullin Wi-Fi na WPA2 ko WPA3, kwastomomi kuma a buɗe musu layin baƙi daban da na ofis.

Bangon cikin gidaje da yawa a nan allon filasta ne, Wi-Fi na ratsa shi. Bulon siminti da rodi, balle katangar ƙasa mai kauri irin ta cikin birni, shanye shi suke yi, musamman na 5 GHz. Rauta mai eriya takwas ba ta magance wannan, don ko ta kai wa wayarka, wayar ba ta da ƙarfin mayar mata da amsa. A ja kebul zuwa kowane sashe a sa ƙaramar na'urar Wi-Fi a silin ɗaki, a raba musu tasha 1 da 6 da 11 na 2.4 GHz.

Abin da Bature bai yi lissafinsa ba shi ne yanayinmu. Yawancin rautocin gida an ƙayyade musu zafin digiri 40, Katsina kuwa a Afrilu da Mayu tana wuce haka a inuwa, balle ƙarƙashin kwano. Kada a ɗora ta cikin rufi ko a kulle ta a akwatin da iska ba ta shiga. Bayan hunturu a buɗe suwici a hure ƙurar. Kebul a sa shi cikin bututun roba saboda ɓera da rana, nesa da wayar wuta. Tsakanin gini da gini kuwa, kamar ajujuwa da ofishin shugaban makaranta, faiba ta fi: gilashi ce, tsawar damina ba ta bin ta, alhali kebul na ƙarfe da aka rataya a sama yana iya kwaso ta ya ƙone suwici biyu lokaci guda.

Wuta: rauta wat 10, ƙaramin suwici 5, na'urorin Wi-Fi biyu 20, jimla 35. Batir mai bolt 12 da amfiya 100, in aka ci rabinsa kawai don ya daɗe, zai riƙe su kusan awa 17. Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam, da ya shigo Najeriya a Janairun 2023, shi kaɗai yana jan wat 50 zuwa 100, sai a sake lissafin sola. Manyan suwicin Cisco na hannu suna da arha a nan, amma fankarsu na zuƙar ƙura da wuta, na Meraki kuma ba sa aiki sai da lasisin da ake sabuntawa.

In ɗan'uwa zai taho gida da sauran kilo a jakarsa, ku ce ya riƙo na'urar gwajin kebul mai nuna tsawo da inda ya katse, filayar matse kai mai kyau, kawunan RJ45 na kebul ɗin da kowane silinsa zare ɗaya ne, da na'urar buga lamba haɗe da tef ɗinta na ajiya, don tef ɗin ne ke wuyar samu in ya ƙare.