Wasiƙa daga Alƙahira kan bikin 'yarmu

Yaya, assalamu alaikum. Ina gaida Hajiya, da fatan ƙafar tata ta yi sauƙi. Na saurari saƙon muryarki har sau uku. Kin ce yarinya ta kafe a waje take so a yi bikinta, ƙawaye sun cika mata ido da hotunan Dubai, ango kuma ma'aikaci ne mai jiran ƙarshen wata. Shekararmu takwas a Alƙahira, na ci bikin Misirawa na ci na 'yan gida, don haka ga abin da idona ya gani.

Dubai dai a bar wa masu ita. Masar za ta yiwu, amma kada ki ɗauka komai a nan araha ne. Abin da ke rage kuɗin biki a waje shi ne ƙarancin baki. A Kano ki buga kati ɗari uku, ki ciyar da dubu, kowace gwaggo da zugarta, kuma babu fuskar da za ki ce wa wani kada ya zo. A nan biza da tikiti ne masu gadin ƙofa, su ba su san kunya ba. Bikin da muka yi wa ƙanin mai gidana bara, mutum 34 ne gaba ɗaya, rabinsu ma ɗalibai ne 'yan gida da ke karatu a Azhar. Idan kuka ce sai kun ɗauki nauyin tikitin mutum ashirin, to ku zauna ku kama zaure a gida, ya fi muku sauƙi.

Ɗaurin aure kuma a yi shi a can, a masallacin unguwa bayan Juma'a, da goro da alawa, waliyyai su shaida. Ina da dalili. Ma'azun, wato malamin da hukuma ta ba izinin ɗaura aure, 'yan ƙasa yake ɗaura wa. Baƙi sai sun bi ta ofishin auren baƙi na Ma'aikatar Shari'a, da takarda daga ofishin jakadancinsu, da fassara, da tambari kan tambari, ga shi ofisoshi a rufe suke Juma'a da Asabar. Wanda ya zo na kwana biyar ba zai gama wannan zirga-zirga ba. Ku zo da aurenku a ɗaure, nan walima kawai za a yi.

Wurin taro ne inda Misirawa suka fi mu, in faɗi gaskiya. Manyan masallatai suna da zauren haya a jikinsu, ana ce masa darul munasabat, da kujeru da na'urar sanyaya ɗaki da kujerar amarya da ango, wadda suke kira kosha. Ba a yi miki zancen kuɗin dizal, ba a cewa ki kawo mai ado daga waje. Sai dai da awa ake ba ki, kuma lokaci na cika za ki ga wata amaryar tsaye a ƙofa da danginta. Namu lokacin na "ƙarfe huɗu" a fara bayan magariba ba ya aiki a nan. Mu a bikin ƙanin mai gidana jirgin ruwa muka ɗauka a kogin Nilu da yamma, kuma hotunan sun yi kyau ƙwarai, amma a nan muka sha mamaki. Mun yi ciniki a kan kuɗin kowane mutum, muka ƙirga muka ajiye. Da takardar biya ta zo sai ga kashi 12 na hidima, ga kashi 14 na haraji a kai, abin ya haura da fiye da kwata. Mai gidana ya tsaya yana lalubar aljihu a gaban surukai. Bayan wannan ga bakshish, wato tukuici, mai kiɗa da mai ɗaukar faranti kowa da hannunsa. Duk farashin da aka faɗa muku, ku tambaya ko da haraji da hidima a ciki, kuma a rubuta.

Abinci yana da yawa, yana da tsafta, amma Yaya, babu yaji. Shinkafa da gasasshiyar kaza da kofta da tahina, sai jan sharbat da suke rabawa a biki. Surukata ta ɗanɗana ta ture faranti ta ce abincin asibiti ne. Abin da ya cece mu wata 'yar gida ce a unguwar Hayyul Ashir da ta yi mana waina da miyar taushe, muka shiga da su a kula.

Lefe ki raba shi biyu. Zanen gado da tawul na audugar Masar, abaya, mayafi, jakunkuna, waɗannan a nan za a saya, a kasuwannin Wikalatul Balah da Ataba da Muski, in dai da mai jin Larabci a gefenki, don suna jin harshen baƙo farashi zai ninka. Gwal kuma a kasuwar Saga, kusa da kasuwar Khan Khalili, a kan gram ake sayarwa, mai lamba 21 suka fi so, kuɗin ƙira ne kawai ake ciniki a kansa. Amma atamfa da shadda da leshi, Kantin Kwari ta fi nan nesa ba kusa ba. Ɗinki ma a gama shi a gida. Na taɓa kai wa wani tela atamfa, ya yanka ta kamar labule, zanen fure ya koma a kife. Mai ɗaurin kallabi babu ita sam, sai ku zo da wadda ta iya. Lalle kam kada ku damu, matan Sudan da ke nan hannunsu ya kai na 'yan Maiduguri, da dilka da turaren wuta duk suna yi.

Za ki ji ana cewa kuɗin Masar ya faɗi. Haka ne, a watan Maris na 2024 dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50. Mai dala ne ya ci ribar wannan. Ku naira ce a hannunku, ita ma kin san halin da take ciki, don haka ku yi lissafi da dala tun daga farko.

Lokaci kuma tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya fi, da ɗan sanyi, a zo da rigar sanyi. Daga Maris iskar hamsin na tashi da ƙura, bazara kuwa zafinta ba ya barin kwalliya a fuska. EgyptAir na tashi daga Kano kai tsaye, kowa ya nemi biza da wuri, ya riƙe katin allurar shawara don ana tambaya. Masauki kada a kama otal, gida mai kaya a ciki za mu kama a unguwar Madinatu Nasr na mako guda, mata ɗaki biyu, maza ɗaya, a yi girki a ciki.

Ki zauna da Baban yara ku rubuto min sunayen waɗanda dole ne su zo, kada su wuce goma sha biyu daga ɓangarenmu. In sun amince zan je in tambayo zaure biyu ranar Lahadi. Duk mai zuwa ya saƙa min daddawa da kuka a jakarsa, nawa sun ƙare tun azumi.

Ƙanwarki.