Ina ya kamata ɗan kuɗinka ya tafi idan kana son shafinka ya fito a Google?

Mai shago a Kantin Kwari ko dillalin riɗi a Dawanau zai biya a gina masa shafin intanet, a cika shi da hotuna, amma idan mai saye ya rubuta sunan kayan a Google sai shafukan wasu su fito. Daga nan masu tayi ke fara zuwa: wannan ya ce a biya shi duk wata, wancan ya ce a sa talla, wani ya ce yana da linki dubu na sayarwa, waɗanda za a sa a wasu shafuka su nuno naka. Duka ana kiransu SEO, wato aikin ɗaga shafi a sakamakon bincike, amma ba darajarsu ɗaya ba, kuma ga mai ƙaramin jari abin da ya fara biya shi ke raba riba da asara.

Kafin ka ba kowa ko sisi, rubuta site: a akwatin bincike, ka bi shi da adireshin shafinka ba tare da tazara ba. Idan ba abin da ya fito, Google bai ma san da kai ba. Sau da yawa dalilin ƙarami ne. A saitin WordPress, manhajar da ake yawan gina shafuka da ita, akwai wani akwati da ke hana injinan bincike ɗaukar shafi, magini ya kan kunna shi yayin aiki, ya manta bai kashe ba. Cire shi bai kai aikin minti biyu ba, don haka kada a sayar maka da shi a matsayin babban gyara.

Ga wanda masu sayensa ke cikin gari, kamar tela a Zoo Road, mai gyaran waya a Farm Centre ko mai kayan gini a Ƙofar Ruwa, babu zaɓin da ya kai Google Business Profile, kuma kyauta ne. Shi ke sa shago ya bayyana a taswira da lambar waya da lokacin buɗewa. Google na duba abu uku wajen jera shaguna: dacewar sana'arka da abin da aka nema, kusancinka da mai nema, da yadda aka san ka. Kusanci ba ya hannunka, sauran biyun suna hannunka. Zaɓi rukunin sana'a daidai, ka dasa alamar taswira a kan ƙofar shagonka, ba a tsakiyar kasuwa ba, ka rubuta lokutan aiki na gaskiya har da rufewar sallar Juma'a. Wajen tantancewa ana yawan neman bidiyo guda marar yankewa wanda ya nuna layinku, allon shago da cikinsa, shi ya sa marar allo ke shan wahala. Abin da ke jawo a dakatar da mutane shi ne cusa kalmomi cikin sunan shago, kamar a ƙara "shadda mai araha Kano" alhali ba haka allo ya ce ba, da kuma sayen yabon ƙarya. Ka tura wa abokan cinikinka na gaske linkin ta WhatsApp bayan sun karɓi kaya, su rubuta abin da suka gani.

Zaɓi na biyu shi ne gyaran shafin da kanka, wanda lokaci yake ci ba kuɗi ba. Ka yi rajista da Google Search Console, inda Google ke nuna maka yadda shafinka ke fitowa a bincike, ka miƙa taswirar shafinka, wato jerin fejojinsa (sitemap), wadda ƙananan manhajojin WordPress irin su Yoast SEO ko Rank Math ke haɗawa a nau'insu na kyauta. Ɗaya daga cikinsu za ka sa, domin biyun tare karo suke yi. Sannan kowane irin kaya ya samu fejinsa: shadda daban, atamfa daban, leshi daban, kowanne da kanun da bai wuce haruffa 60 ba, mai ɗauke da sunan kayan da sunan gari. A cikin fejin ka amsa abin da ake tambayarka kullum a shago: yadi nawa ne a turmi, ana sayar da sari ko ɗai-ɗai, yaya ake aikawa Maiduguri ko Yamai, kwana nawa kaya ke yi a hanya. Bayanin da aka kwafo daga shafin wani ba ya ɗaga kowa.

Batun harshe na buƙatar tunani. Galibin masu nema da waya ba sa sa ƙugiya a haruffa, kuma suna gauraya Hausa da Turanci, don haka fara rubuta sunan kayanka a Google ka ga abin da yake cikasa maka. Wannan shi ne yadda jama'a ke nema. Mai neman 'yan kasuwar Mexico don zoɓo ko na Turkiyya don riɗi dole ya yi fejin Turanci mai bayanin tsafta, danshi da nauyin buhu. Mai sayar wa matan aure a Gwale da Tarauni kuwa, Hausa za ta fi yi masa aiki, ga shi masu gogayya a cikinta ba su da yawa.

Nauyin hoto ne babban ciwon shafukan masu yadi. Hoton waya ɗaya kan kai megabait 3 zuwa 5, idan aka jera ashirin a feji guda, mai ƙarancin data zai fita kafin ya buɗe. A rage faɗinsa zuwa kimanin fiksel 1200, a mayar da shi WebP, nau'in hoto marar nauyi, da manhajar Squoosh, ya sauko ƙasa da kilobait 200. PageSpeed Insights zai gwada maka kyauta, kuma ma'aunin Google shi ne babban abin da ke feji ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Sakamakon waya za ka duba, don da shi Google ke auna shafi. Makullin https na tsaron shafi ma ana samunsa kyauta ta Let's Encrypt a yawancin masu ba da masaukin shafi.

Idan ba ka da lokaci, a nan ne ɗaukar ƙwararre ke da ma'ana, kuma aikin da aka yanke masa farashi sau ɗaya ya fi wa ƙaramin shago biyan wata-wata. A rubuta abin da za a yi: feji nawa, rage hotuna, haɗa Search Console, gyara taswira. A biya rabi, sauran sai an gani. Biyan wata-wata ya dace ne da mai ƙara sabbin feji kullum, kuma sai da rahoto daga Search Console ɗinka mai nuna kalmomin da aka nemo ka da su da yawan waɗanda suka latsa. Duk wanda ya ce maka, "Alhaji, ba ni sati biyu in kai ka lamba ɗaya," sallame shi. Google da kansa ya ce ba wanda zai iya ba da wannan tabbaci, kuma ya ce aikin kan ɗauki wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfaninsa.

Akwai sharaɗin da bai kamata a yi kunyarsa ba, ko da ɗan'uwa ne ke yin aikin: adireshin shafi, ko .com ne ko .com.ng da ke ƙarƙashin hukumar NiRA, a yi rajistarsa da sunanka da imel ɗinka. Duk shekara ake sabunta shi, idan magini ya canja lamba kuma ranar ta wuce, shafi ya tafi da duk matsayin da ya tara. Haka ma Business Profile, kai ne mai shi, shi kuma a ƙara shi a matsayin manaja.

Tallan Google Ads kamar hayar rumfa ce, ranar da ka daina biya ranar za ka ɓace, kuma ba ya ƙara wa shafi matsayi a sakamakon kyauta. Yana da amfani na ɗan lokaci, misali makonnin kafin sallah ga masu yadi da ɗinki. Ka iyakance kuɗin rana, ka zaɓi mutanen da ke cikin Kano a zahiri ba masu sha'awarta kawai ba, in ba haka ba latsin da ba ciniki a bayansa zai cinye kuɗin.

Biyu ne za a tsallake. Linki dubu a farashin katin waya daga shafukan bogi suke fitowa; tun 2012 Google ke yaƙarsu, ko dai ya ƙi ƙirga su ko ya hukunta shafin. Linki guda daga ƙungiyar kasuwarku, kamfanin da kake wa dillanci ko jaridar da ta yi labarinka ya fi su duka. Manhajojin nazarin SEO irin su Semrush kuma sun haura dala 100 a wata, an yi su ne don masu kula da shafuka da yawa. Shafi mai feji ashirin ko talatin ba ya buƙatarsu; in ana son ganin waɗanda suka yi maka linki da fejojin da suka mutu, Ahrefs na da sashen kyauta ga wanda ya tabbatar shafin nasa ne.